Daga Surame Zuwa Zuba: Yadda Biranen Hausa Suka Riƙa Ƙulla Ƙawance Suna Warwarewa

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke kwana a Masaka, yana sammako zuwa Sakatariya, ya san hanyar Keffi kamar yunwar cikinsa: Ado, Mararraba, Nyanya, gadar Karu, sannan a faɗa cikin birni. Sai dai ba kowa ne ya san cewa wannan shimfiɗar ƙasa ta shafe yawancin ƙarni na 19 tana tsakanin masarautu biyu da ba sa ga maciji da juna ba. Daga gabas akwai Keffi, wadda ke kai gaisuwa Zariya, ita kuma Zariya tana kai tata Sakkwato. Daga yamma akwai tsohuwar Abuja, Sulejan yau, wadda sarkinta shi ma Sarkin Zazzau ake kiransa, bai kuwa taɓa miƙa wuya ga Zariya ko Sakkwato ba. Ƙauyukan Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da ke tsakani, kowanne tilas ya san wanda zai bi, da wanda zai kai wa gaisuwa, da dutsen da zai hau idan mahara suka ɓullo.

Wannan zaman ɗar-ɗar gado ne na wata tsohuwar siyasa. Ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙasar birane, kowane birni da ganuwarsa da sarkinsa da kasuwarsa, harshe ɗaya, al'ada kusan ɗaya, amma babu sarki ɗaya a bisa kowa. Shi ya sa masana ke jera ta da tsohuwar Girka, inda Atina da Siparta da Koranti suka zauna a irin wannan hali. A wani babban nazari da masanin nan na ƙasar Denmak, Mogens Herman Hansen, ya jagoranta aka wallafa a 2000, an kwatanta al'ummomi 30 da suka rayu bisa tsarin birni mai cin gashin kansa, kuma biranen Hausa na da babi sukutum a ciki. Abin da tarihin ɓangarorin biyu ke nunawa shi ne, tsoro yakan haɗa birane cikin sauri, amma daɗewar haɗuwar ta dogara ne ga yadda aka raba riba, da kuma ingancin mutanen da ke kai saƙo tsakani.

'Yan'uwa a labari, abokan gaba a fagen daga

Labarin Bayajida ya mayar da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram tsatso ɗaya. Har rabon aiki labarin ya yi musu: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi mai tsare arewa, Zazzau kuma mai samo bayi daga kudu. Wanda ya ji wannan zai ɗauka wata tarayya ce mai tsari. Abin da aka rubuta kuwa daban yake.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara yaƙi tsakanin Kano da Katsina, aka yi shekara 11 ana gwabzawa ba wanda ya rinjayi wani. Daga nan gabar ta zama gado, ana lafawa ana tashi, kusan shekara 200. Tushenta ciniki ne. Ayarin da ya keto Sahara ta Agadas da gishiri da dawaki da kayan Gabas, a ɗaya daga cikin biranen biyu zai sauke kaya, kuma inda ya sauke nan kuɗin fito da na kasuwa za su zuba. Sarkin Kano Kutumbi, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin sarakunan birnin, a kan yaƙin Katsina ya rasa ransa a 1648.

Jim kaɗan bayan haka, a zamanin Sarki Shekarau, daga 1649 zuwa 1651, aka yi sulhu. Abin lura shi ne waɗanda suka ƙulla shi. Malamai ne, a cikinsu har da Shehu Ataman, suka shiga tsakani, suka ɗora wa duk wanda ya fara karya alkawari nauyin alhaki. Malami yana da abin da jarumi ba shi da shi: ɗalibansa na nan a biranen biyu, kuma yana shiga kowace fada ba a tambaye shi ɗan wane gari ne ba. Masana tarihi da dama suna danganta wannan sulhu da barazanar Kwararrafa, waɗanda ke tasowa daga kwarin Binuwai suna cin ƙasa. Sun kuwa zo, a zamanin Kukuna da kuma zamanin Dadi, har suka kutsa cikin birnin Kano. Sulhun ya hana Kano da Katsina cin naman juna, amma bai haifar da runduna guda ba. Wanda ya karya lagon Kwararrafa a wancan zamani shi ne Mai Ali na Barno, abin da ya sa malamin Katsina Ɗan Marina ya yi masa waƙar yabo da Larabci.

Gaisuwa: kalma mai fuska biyu

Shigowar Barno cikin wannan labari ba baƙon abu ba ne. Tarihin Kano ya ambaci Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, a matsayin sarkin da ya fara aika wa Barno gaisuwa, kuma a zamaninsa aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro. Abubuwan nan biyu tafe suke tare. Gaisuwar ita ce kuɗin buɗe hanya. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851, ya rubuta cewa a da kowane sabon Sarkin Katsina yakan aika bayi 100 zuwa Birnin Gazargamu idan ya hau gado. A fadar Zazzau kuwa har sarauta aka keɓe, Baƙon Barno, wanda aikinsa kai saƙo ne da kaya zuwa fadar Barno.

Hikimar kalmar gaisuwa ita ce kowa na fassara ta yadda ta yi masa daɗi. Mai aikawa ya ce kyauta ce tsakanin sarki da sarki, mai karɓa ya rubuta ta a matsayin haraji. Muddin ba a tilasta wa kowa ya fayyace ba, zumunci na tafiya. Rigima takan tashi ne ranar da babba ya nemi a faɗi ƙarara cewa shi ne babba, ko ya ƙara yawan abin da ake kai masa ba tare da ya ƙara kariyar da yake bayarwa ba.

Ganimar Agadas

Babu inda wannan ya fito fili kamar a labarin Kanta na Kabi. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, malamin Tumbutu, ya kawo cewa Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas a wajajen 1515. An ci nasara, aka kwaso ganima. Da aka dawo, mutanen Kanta suka jira rabonsu, shiru. Da suka yi magana, babban hakimin Askiya mai riƙe da Dandi ya nuna musu cewa neman rabo tawaye ne. Sai kuwa suka yi tawayen. Rundunar Songhai ta zo ta kasa, wani Askiya na baya ya sake gwadawa ya sha kashi, Kabi ta tsaya da ƙafarta, Kanta ya gina Surame, wadda kufanta da ganuwarta ta duwatsu ke nan har yau a jihar Sakkwato. Daula mafi girma a yammacin Sudan ta yi asarar abokin yaƙi mafi amfani a gabashinta saboda ta ƙi raba abin da aka samo tare.

Shekara kusan 2,000 kafin wannan, Girkawa sun taka irin wannan sawu. A shekara ta 478 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan sun kori Farisawa, birane masu yawa suka kafa ƙawance ƙarƙashin jagorancin Atina, kowa na ba da jiragen ruwa ko kuɗi, baitulmalin kuma aka ajiye shi a tsibirin Delos, wurin da ba na kowa ba. Da tsibirin Naksos ya nemi fita, Atina ta kewaye shi da yaƙi ta mayar da shi dole. A shekara ta 454 aka kwashe baitulmalin aka kai Atina, gudummawa ta rikiɗe ta zama haraji, har aka riƙa ƙawata birnin da kuɗin abokai. Ƙiyayyar da wannan ya haifar na cikin abin da ya rura yaƙin Atina da Siparta, daga 431 zuwa 404. Biranen suka ci gaba da raunana juna har Filibus na Makidoniya ya zo daga arewa ya murƙushe rundunar Atina da Tibis a 338.

Kabi ma ba ta tsira daga abin da ta yi wa Songhai ba. Da ta yi ƙarfi ta riƙa karɓar gaisuwa daga maƙwabta, su kuma suka yi ta jiran rana. A farkon ƙarni na 18 Zamfara da Gobir da Azbin suka haɗa kai suka ci Surame, sarautar Kabi ta koma Birnin Kebbi.

Baƙon da ya gaje gida

Waɗanda suka haɗu suka kayar da Kabi ba su daɗe suna shiri ba. Gobirawa, waɗanda Azbinawa ke matsa wa daga arewa, sun riƙa gangarowa cikin ƙasar Zamfara a matsayin baƙi kuma abokan yaƙi. Sarkin Zamfara ya ba su wurin zama, aka ƙulla auratayya tsakanin gidajen sarautar biyu. A wannan wuri Sarkin Gobir Babari ya gina Alƙalawa, kuma a wajajen 1760 ya juya ya ci Birnin Zamfara kanta. Aure ya buɗe ƙofa, amma bai hana komai ba da ƙarfi ya rinjaya gefe guda.

Zamfarawa ba su manta ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasarsu, kuma da rigima ta ɓarke tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a Yunin shekarar, Zamfarawa da yawa sun ga dama ce ta sauke Gobir daga wuyansu. Yunfa ya aika wa sarakunan Katsina da Kano da Zazzau da Daura da Azbin takardu yana gargaɗinsu cewa wutar da ta kama gidansa za ta iso nasu. Sun ji gargaɗin, amma kowa ya fuskanci jama'ar Shehu a cikin ƙasarsa, kuma Gobir ɗin da ke neman agaji ita ce ta shafe shekaru tana kai wa Katsina da Kano hari. Taimakon da aka yi wa juna bai zo da wuri ba, bai kuma isa ba. Sarkin Kano Alwali ya faɗi a Burum-Burum a 1807, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Cikin shekaru ƙalilan biranen da suka yi ƙarnoni suna tsaye suka shiga ƙarƙashin tuta ɗaya.

Ƙawancen waɗanda aka kora

Sai bayan da aka rasa gida aka koyi haɗa kai. Gidan sarautar Katsina ya kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, ya kuma ƙulla ƙawance da Gobirawa da wasu Azbinawa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da wannan haɗaka a Gawakuke ya karya ta, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda duk suka kwanta dama a fagen. Duk da haka ƙawancen bai mutu ba. Gobirawa suka gina Tsibiri dab da Maraɗi, garuruwan biyu suka riƙa fita yaƙi tare, kuma a zamanin Ɗan Baskore hare-harensu sun kai can cikin ƙasar Katsina da Zamfara. Sakkwato ta sami sauƙinsu ne ta hanyar siyasa, lokacin da wani ɓangare na gidan sarautar Gobir ya ɓalle ya kafa Sabon Birni da yardarta. A yamma kuma Yakubu Nabame ya tayar da Kabi a 1849 tare da Arawa da Zabarmawa da Dandawa, aka yi ta fafatawa har aka kai ga sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda ya riƙe daga 1867 zuwa 1875.

A kudu, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, da Malam Musa ya fitar da shi daga Zariya, ya nufo Zuba, wurin Koro, waɗanda tun da can suke bin Zazzau. Tsohuwar alaƙar gaisuwa ita ta ba shi masauki ranar da ya rasa birni. Makau ya rasu a yaƙin Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin da ya ɗauki sunansa a 1828. Ƙarfin Abuja ya dogara ne ga duwatsu da kuma amanar da ta ƙulla da garuruwan Koro da Gbagyi na kewaye, ga kuma matsayinta a bakin hanyar fatake masu gangarawa kudu, wadda take iya buɗewa ko rufewa. Sarkin Zazzau na Zariya Yero ya kawo mata yaƙi a 1893 ya koma bai ci ba. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta wannan tarihi da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci a 1952. Sunan garin ne sabon babban birnin tarayya ya ara bayan dokar 1976, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Ƙofa da jakada

Daular Sakkwato ta yi abin da biranen Hausa suka kasa, ta haɗa masarautu masu yawa kusan shekara 100. Tuta da aƙida sun taimaka, amma aikin yau da kullum yana hannun ma'aikata ne. Kowace masarauta tana da ƙofarta a fadar Sarkin Musulmi, wato babban bafaden da duk wata takarda da gaisuwa da ƙara ke bi ta hannunsa. Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar manyan masarautun gabas irin su Kano da Zariya, yana zagayawa da kansa, yana sasanta rigimar iyaka da ta gado. Zariya ma haka ta yi da nata mabiyan, Keffi da Nasarawa da Jama'a da sauransu, kowacce da ƙofarta da jakadanta. Girkawa suna da makamancin wannan: birni yakan zaɓi wani ɗan wani birni ya zama mai masaukin mutanensa da mai kare muradunsa a can, kamar yadda fatoma yake ga fatake.

Tsarin yakan yi kyau gwargwadon kyan mutanen da ke riƙe da shi, da kuma yadda shugaba ke sauraronsu. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage a naɗa Tukur Sarkin Kano, Waziri Buhari ya aiwatar da umarnin, Kano ta faɗa yaƙin basasa har zuwa 1895, kuma Aliyu Babba, ba Tukur ba, shi ne ya ƙare a kan gado. A Keffi kuwa, wakilin Zariya, Magaji Ɗan Yamusa, ya yi ƙarfin da ya shafe na sarkin garin. A Oktoban 1902 ya kashe jami'in Ingila Kyaftin Moloney, ya tsere Kano, Aliyu Babba ya karɓe shi da girmamawa, Lugga kuma ya riƙe wannan a matsayin hujjar kai wa Kano yaƙi. Abin da wakili ɗaya ya aikata a wani gari na kudancin daula ya jawo faɗuwar birni mafi arzikinta a ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a ranar 15 ga Maris.

Kafin nan ma Turawa ɗaya bayan ɗaya suka bi masarautun: Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauci a 1902. Zariya da kanta ta nemi taimakonsu saboda matsin Sarkin Sudan na Kwantagora, Argungu ta tarbe su don tsohuwar gabarta da Sakkwato da Gwandu. Ba a taɓa tara rundunar dukkan masarautu a fage ɗaya ba. Maraɗi da Tsibiri kuma suka faɗa rabon Faransa, iyakar da aka shata ta bi kusan sawun tsohuwar gabar ƙarni na 19.

Abin da ya rage a kan tebur

Wannan iyaka ita ce aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da ECOWAS, mai hedikwata a Asokoro, ta ƙaƙaba takunkumi, aka yanke wutar lantarki, aka yi barazanar amfani da soja. Tsoron wannan barazana ya haɗa Nijar da Mali da Burkina Faso, suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel a ranar 16 ga Satumban 2023. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. A makonnin farko na rikicin, lokacin da ƙofofin Yamai suka rufe wa jami'an diflomasiyya, cikin waɗanda suka sami ganin Janar Abdourahamane Tiani akwai Khalifa Muhammadu Sanusi na II da tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau. Aikin da Shehu Ataman ya yi tsakanin Kano da Katsina bai tsufa ba.

Tarihin biranen Hausa bai ba da tabbacin cewa sabon ƙawancen Sahel zai daɗe ba, domin haɗuwar da tsoro ya ƙulla takan fara gwada ƙarfinta ne ranar da aka zo rabon kuɗi da muƙamai, kamar yadda Zamfara da Gobir suka gani bayan Surame. Bai kuma ba babbar ƙasa izinin ɗaukar ƙananan maƙwabta a matsayin masu kai gaisuwa ba, domin Askiya ya gwada haka da Kanta. Tambayar rabo ita ce dai ke zaune a teburin kwamitin rabon arzikin ƙasa kowane wata, tsakanin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, ita ce kuma ke tsakanin Abuja da jihar Nasarawa, wadda garuruwanta irin su Masaka da Mararraba ke ɗauke da nauyin ma'aikatan da birnin ba shi da wurin kwanansu.

Sarakuna ne tarihi ya fi riƙe sunayensu, amma takardun da suka hana yaƙi ko suka jawo shi, wasu ne suka rubuta su, wasu suka ɗauka suka kai. Magadan Baƙon Barno da Wazirin Sakkwato a yau su ne masu tsara takardar bayani ga minista, da masu shirya ziyarar gwamna zuwa Maraɗi ko Damagaram, da jami'an da ke zaune a hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi zai ratsa garuruwa uku da suka daɗe suna yaƙi a kan hanyar ayari. Yarjejeniyar da za ta fayyace wanda zai karɓi kuɗin fito, da nawa, da kuma inda za a kai ƙara idan an saɓa, tana jiran alƙalamin irin waɗannan ma'aikata.